Marinin da Aka Cike wa Rami

Tunda ka ce wanda ya lalace ya lalace ke nan, gyara zama ka ji misalin wani marini. Ramin rini guda ya gada a wurin ubansa, a tsakiyar marinar garinsu, amma ƙuruciyarsa duk a gidan giya da dandalin caca ta ƙare. Ya sha, ya yi dambe, ya sayar da tufafin da mutane suka kawo masa rini, har akuyar yayarsa bai bari ba. Ba na wanke shi, ya yi ɓarna iya ɓarna. Ana nan wata damina ciwo ya kayar da shi. Ciki ya kumbura, idanu suka yi ɗorawa, ya rame har ana ƙirga haƙarƙarinsa. Abokan shan nan ko leƙe, sai yayar da ya cuta, ita ce ta kwashe shi ta kai ɗakinta tana ɗura masa kunu da ludayi. Sau biyu ana juya fuskarsa gabas ana laƙana masa kalmar shahada. A kan tabarmar nan ya yi kuka ya tuba, ya roƙi Allah in ya tashi ya ba shi ikon komawa sana'ar ubansa.

To ka ji abin da ya fi ƙona mini rai. Mutumin nan yana kwance yana numfashi, 'yan uwansa marina suka mai da raminsa juji. Duk wanda babansa ya mutu, wato ruwan rininsa ya daina kama tufa, maimakon ya kwashe ya kai bayan gari sai ya juye a ramin mara lafiya, wai ai mai shi ba zai dawo ba. Mutanen da suka ci tuwo a gidan ubansa ke nan! Ko haƙurin jiran a yi masa sallah ba su yi ba. Da kaka ta yi, sai ga shi ya fito yana dogara sanda, ƙafa kamar sillen kara, ya iske ramin cike da taɓo mai wari har baki. Ya je ya durƙusa gaban sarkin marina, ya ce, "Baba, na dawo, a taimake ni da ɗan abin haɗa rini." Dattijon bai ko ɗaga kai ba, ya ce, "Tuban muzuru. Je ka warke tukuna, mu ga inda ƙafarka za ta fara kai ka." Sauran suka kwashe da dariya. Kuma a ranar, in ka tambaye su, kowa zai ce maka Allah mai karɓar tuba ne. Su ne dai ba sa karɓa.

Marinin ya juya ya koma bakin raminsa. Ya samo tsohuwar ƙwarya ya shiga ramin, ya kwasa ya huta, ya kwasa jiri ya ɗebe shi ya zauna. Taɓon da suka zuba masa don wulaƙanci ya cuccura ya shanya, ya ƙone shi ya zama katsi, tokar nan da ake tayar da sabon rini da ita. Ya bi gefen gonaki da bakin rafi yana yankan ganyen baba, ya haɗa, ya riƙa motsawa da muciya safe da yamma har kumfa ta taso, ruwa ya nuna. Amma wa zai ba shi tufa? Gari duka an san hannunsa, ko tsumma ba wanda ya yarda ya miƙa masa. Ya zauna bakin rami yana kallon baba yana neman mutuwa a banza, kuma ya san in wannan ya mutu ba shi da ƙarfin haɗa wani. Hanyar gidan giya kuwa tana nan inda ya bar ta, masu dariya kuma ita suke jiran ya bi. Sai ga yayarsa da ƙunshi a hammata. Ta kwance, ashe farin alawayyo ne da dangi suka saya tun yana kwance, don likkafaninsa. Ta ce, "Ungo, ƙanena. Tunda Allah bai sa an naɗe ka a ciki ba, tsoma shi."

Ya tsoma, ya matse, ya shanya, ya sake tsomawa, yana yi hawaye na zuba, har farin nan ya koma baƙi wuluk. Ya kai mabuga aka buge shi ya ɗauki sheƙi. Ranar kasuwa ya baza shi a bakin raminsa, a gaban idon waɗanda suka cike ramin. Wasu fatake da suka zo sayen rawani suka wuce kowa suka tsaya a kansa, suka taya, ya ce wannan ba na sayarwa ba ne. Sai suka sauke fararen tufafinsu a gabansa, suka ce ya yi musu irinsa. Sarkin marina yana zaune yana kallo. Marinin nan ya rayu ya tsufa a bakin ramin, giya ba ta sake taɓa leɓensa ba, kuma duk wanda ya taɓa cuta ya bi shi har gida ya nemi gafara. Saboda haka kafin ka zuba shara a ramin mai rai, ka tuna abin da Hausawa suka ce: zakaran da Allah ya nufa da cara, ana muzuru ana shaho sai ya yi.