Maganar da Ta Shiga Ɗakin Gashi

Kendra Maki tana shekararta ta ƙarshe ta koyon aikin gashin ciwon daji, wato ƙona ciwon da hasken na'ura, a wani asibiti a garin Duluth na Amurka. Hannunta ya faɗa, kanta yana ja, sai dai bakinta ba shi da linzami. Duk abin da ta gani sai ta mai da shi abin dariya, abokan karatunta kuwa suna zuga ta.

Misis Bernadette, wadda ke koya musu aikin, ta sha ja mata kunne. "Kendra, bakin nan naki zai ja miki wata rana."

"Haba Anti, in ba a yi dariya a nan ba ai sai mu haukace."

Cikin masu zuwa gashi kowace safiya akwai Mista Halvorsen, tsohon injiniyan jirgin ruwa. Dattijo ne mai tsabta da kamun kai, rigarsa kullum a goge. Ciwon ya kama shi a ƙasan mafitsara. Masu irin ciwonsa sai sun sha ruwa sosai sun riƙe fitsari kafin a kwantar da su, don cikakkiyar mafitsara tana ture hanji daga inda hasken zai bi.

Wata safiya na'urar ta yi gardama, layi ya tsaya. Dattijon ya sha ruwansa tun a mota, ya zauna yana matse ƙafa, kunya ta hana shi magana. Da layi ya zo kansa, Kendra ta kwantar da shi, ta daidaita shi da alamun da ke fatarsa, ta fita aka rufe ƙatuwar ƙofar. Ba mai zama a ɗakin in ana gashi, ta allo ake kallon mara lafiya, ta lasifika ake masa magana. An kira Misis Bernadette ɗakin da ke kusa, wani ma'aikaci ya karɓi na'urar. Kendra ta kunna lasifika.

"Kada ka motsa, Mista Halvorsen. Yanzu za mu gama."

Ana cikin yi, sai suka ga zanen gadon yana jiƙewa. Kendra ta zunguri Trevor, abokin karatunta.

"Kai, dubi! Baba ya buɗe famfo. Gobe sai a ɗaura masa kunzugu, ni kuma in zo da takalmin ruwa."

Trevor ya fara dariya, sai ya haɗiye ta, ya nuna mata jar fitilar da ke ci a gabanta. Ba ta kashe lasifikar ba.

Da aka buɗe ƙofa, dattijon yana zaune a bakin gado, kansa a ƙasa. Bai dubi kowa ba. "Ku yi haƙuri, na ɓata muku wuri. In akwai tsumma ku ba ni in goge."

Kendra ta so ƙasa ta tsage ta shige. Gafara ya kamata ta nema, amma ba ta nema ba. Ta miƙa masa tawul, ta gudu.

Washegari bai zo ba, rana ta biyu ma haka. Asibiti suka yi ta kira, ba ya ɗauka. Trevor da ma'aikacin suka ja bakinsu suka yi shiru, Kendra ma ta yi gum, tana tsoron kada a kore ta ana dab da ba ta takardar shaida. Ta gama karatu, aka ɗauke ta aiki a nan, har da liyafa.

Bayan fiye da shekara, ta fito kiran mai bi a layi, sai ta ga Mista Halvorsen a keken guragu. Ya rame ƙwarai, rigar tana yawo a jikinsa, yana gyangyaɗi. Ciwon ya shiga ƙashi. Gashin da za a yi masa yanzu na rage zafi ne kawai.

Matarsa ta kama hannun Kendra, ta yi ƙasa da murya. "'Yata, don Allah ku lallaɓa min shi. Da ƙyar ya yarda ya dawo. Wancan karon ce min ya yi likita ya sallame shi, ni kuwa na yarda, har miyar kifi na yi masa ta murna. Sai da ya kwanta ya gaya min gaskiya. Wai wata yarinya ce ta yi masa dariya a nan, yana kwance tsirara. Mutumin da ko a gabana ba ya tuɓe riga sai ya juya baya!" Ta share ido. "Ke da gani kina da tarbiyya. Tana nan har yanzu? Ina so in ga idonta."

Kendra tana iya cewa ba ta sani ba. Kunya ta rufe ta.

"Ni ce, Mama."

Matar ta daɗe tana kallonta. Ba ta yi zagi ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta saki hannun a hankali, ta goge tafinta a jikin rigar sanyinta.

"Kira mana wata," ta ce. "Kuma ki matsa daga nan kafin ya farka."

Mista Halvorsen bai ga ƙarshen wannan hunturun ba. Likita bai taɓa cewa da ya ƙarasa gashin farko lallai zai warke ba, amma wannan bai rage wa Kendra komai ba.

Mai karatu, mara lafiya yana miƙa maka mutuncinsa tare da jikinsa. Kada ka mai da rauninsa abin dariya, ko yana ji ko ba ya ji. In kuma bakinka ya zame, ka nemi gafara nan take, tun tana da amfani.