Numfashin Kawu

"Ajiye jakar nan," in ji uban ga ɗansa saurayi. Ya tare ƙofa, dattawan dangi suna kallo daga tabarma.

Saurayin bai ajiye ba. Kwana huɗu ke nan da yayarsa ta haihu a garin Kone, har yanzu babu kawun da ya hura wa jaririn numfashi a kunne. A al'adar ƙabilarsu ta Kanak kuwa, yaron da kawunsa bai hura masa ba bai da saiwa. Laifin yayar ɗaya ne, ta auri Bature mai kiwon shanu.

"Devoir ɗinka yana gidan nan," uban ya ce, da kalmar wajibi da ya kwaso lokacin da yake sojan Faransa.

"Baba, kullum cewa kake ban san wajibina ba. Yau na sani. Ba ta da wani ƙane sai ni."

"Kai da ko makaranta ta gagare ka?"

"Hura iska ai ba ta buƙatar takarda."

Wani dattijo ya ƙunshe dariya. Uban ya daka tsawa: "In ka fita, kada ka dawo!"

Saurayin ya raɓa shi ya wuce.

Da la'asar ya isa Kone, ya rungumi jaririn, ya hura masa a kunne, yayarsa tana hawaye. Sannan ya buɗe jaka zai fito da ƙyalle da taba na gaisuwar al'ada. A ƙarƙashinsu ya tarar da doyar da bai saka ba, ɗaure da ƙullin da mutum ɗaya ne kawai ya iya a ƙauyensu: ƙullin soja.