Gwaggo Uwani da marafan kwalba

Mu huɗu ne a tsakar gida ranar: ni, Inna, Babanmu mai tsire, da ƙanwarsa Gwaggo Uwani. Ta haura talatin amma hankalinta na yara ne, ga wani tsoro da kan taso mata.

Kullum bayan azahar takan jera marafan kwalba a bakin ƙofa. Ni kuwa ranar na share su na zuba a kwata, a ganina shara ce. Da ta fito ba ta gan su ba, sai ta fara buga kanta da bango. Baba ya ɗauko igiyar rago.

Inna ta tare shi. "Malam, in ka ɗaure ta yau, gobe ma sai ka ɗaure."

Ta sa tafin hannunta tsakanin goshin Gwaggo da bangon, har la'asar. Ba ta dake ni ba. Hannun kawai ta nuna mini, ya kumbura.

Yanzu jikokina na cewa na cika faɗa in an taɓa kayan wani. Su yi ta faɗi.

Washegarin wannan ranar na ɗauki kwano, na bi shaguna har unguwar Nkomkana ina tsintar marafa. Gwaggo ta zaɓi jajaye, ta miƙo mini sauran.