Littafi Mai Jan Bango

Ya Kaka ta lashi yatsa, ta buɗe shafi, ta ɗora daga inda suka tsaya jiya.

Tun da idon Fannami ya rufe, duniyarsa ta koma tabarma guda a gindin aduwa. A da shi ne tafintan kumandan a Gure. Duk abin da talaka ya faɗa, sai ya bi ta bakinsa kafin ya kai kunnen Nasara. Da kumandan zai tashi, ya bar masa akwatin littattafai. Ya karanta wasu, makanta ta raba shi da sauran.

Ita Ya Kaka dabino take kawowa daga kwari. Wata rana ta ce masa ta yi aiki gidan wata madam a Damagaram, ta koyi karatunsu. Harshenta ba ya iya furta Faransanci, amma za ta juya masa da Hausa. Bai tambaye ta ko ita wace ce ba. Bai saba tambayar irinsu ba.

Da kanta ta zaɓi littafin, wani mai jan bango.

Labarin wata mace ce a bakin teku, can ƙasar Nasara, da ɗanta tilo, saurayi mai wushirya, mai son ƙanzon tukunya. Teku, in ji littafin, tudu-tudu take kamar rairayi, jirage kuma su durƙusa a gaɓa kamar raƙuma.

"Ashe su ma sun san raƙumi," in ji Fannami, yana dariya.

Yakan ce wa matarsa Balkisu, "Abin da nake so da littafi, babu mutanen Gure a ciki. Kuma abin da aka rubuta ba ya juyuwa. Baki ne ke juya magana, ni na sani."

Sai labari ya kai inda jirgin wani attajiri ya ɓace, saurayin ya tsince shi ya maido. Aka kai shi gaban alƙali. Ya ce, tsintarsa na yi. Wani da ke tsaye kusa da alƙali ya sunkuya ya ce, yaron ya ce ɗaukarsa ya yi. Aka ɗaure yaro, aka tafi da shi inda ake fasa duwatsu.

Fannami ya bugi tabarma. "Allah ya hana mutumin nan barci!"

"Amin, Malam," in ji Ya Kaka, ba ta ɗago kai ba.

Daga nan littafin ya koma kan uwar. Kullum sai ta rufe masa tuwonsa. Kullum tana gaɓa tana dube. Ta ji tari a waje, gabanta ya faɗi. An ce ya mutu, an ce an gan shi, ba ta san wanda za ta kama ba.

Fannami ya rage cin abinci. Balkisu ta riƙe baki: mutumin da ko ta'aziyyar maƙwabta sai an ja shi, yau yana hawaye saboda matar Nasara. Har wurin limam Fannami ya aika a tambayar masa, ko ya halatta a yi wa mutumin cikin littafi addu'a.

Ran nan labari ya kai ga wani jirgi da ya ɓullo daga nesa. Uwar ta ruga, zane na faɗuwa. Wani ramamme yana saukowa, ya rufe fuska.

Ya Kaka ta rufe littafi.

"Ci gaba mana!"

"La'asar ta yi, Malam."

"Shi ne, ko ba shi ba ne? Kalma ɗaya, Ya Kaka, don Allah."

"Kalma ɗaya ai ba ƙaramin abu ba ce, Malam."

Ta aje masa littafin a cinya, ta ɗauki ƙwaryarta. Ba ta sake dawowa ba.

Ya aika kwari, aka ce ba ta zuwa. Barci ya ƙaurace masa. Ya ji takun ƙafa a zaure, sai ya miƙe zaune. Da abin ya ishi Balkisu, ta roƙi mushe Abatcha, malamin makarantar lakwal, ya zo ya ƙarasa masa. Abatcha ya juya shafukan har ƙarshe, ya sake dawowa farko.

"Baba, wannan ai littafin cututtukan dawaki ne. Babu teku a ciki, babu uwa."

A daidai lokacin Ya Kaka na tsaye bisa tudun rairayi, tana duban hanya, kamar kullum. Ba ta taɓa taka Damagaram ba, ba ta san harafi ko guda ba. Ƙarshen labarin kuwa ita ma shi take jira, tun ranar da ɗanta Aisami ya maido raƙumin da ya tsinta, Fannami ya tsaya gaban kumandan ya fassara maganarsa.