Yatsun da Suka Ɓata Hanyar Gida

Haladu, ɗauke hannunka daga kan kwamfutar nan tukuna. Tun da ka ga allon mutumin nan na bidiyo idonka ke ƙyalli, na kuwa san abin da kake shirin yi. Ni ko jarrabawar ƙarshe ban tsaya rubutawa ba, amma kwamfuta in ta ji takuna sai ta gyara zama. Don haka saurara in buga maka misali.

An yi wani mai rubuta manhaja da ke da ɗan shago a bakin kasuwa, da wata tsohuwar kwamfuta wadda har haruffan madannanta sun goge. Ba ta da kyan gani, amma shekara da shekaru yana saita ta daidai jikinsa, kamar yadda manomi ke sassaƙe ƙotar fartanya har ta zauna masa a tafin hannu. Shagonsa na kallon rana, idonsa kuma ya fara rauni, sai ya mayar da rubutun manya-manya, baƙi a kan farin allo. Sabis a unguwar sai an yi sa'a, sai ya cire duk abin da ke neman intanet kafin ya buɗe. Umarnin da yake yawan bugawa ya ɗaure kowanne a madanni guda: ya taɓa wannan, manhaja ta gwada kanta, ya taɓa wancan, ta kai shi layin da ɓarna take. Kowane saiti da ciwon da ya haife shi. Bai taɓa ajiye kwafinsu a ko'ina ba, don a ganinsa abin da ke hannu ina za shi? Aikin da ke riƙe da gidansa shi ne manhajar sikelin wani injin casar shinkafa. Da ta yi tari sai mai injin ya aiko, shi kuwa kafin shayin da aka zuba masa ya huce ya gama gyara. Rannan yana kallon bidiyo sai ya ci karo da wani gwani na ƙasar waje, allonsa baƙi ƙirin, haruffa na walƙiya kala-kala kamar motar kai amarya. Ya juyo ya dubi tasa, sai ta koma masa bukka a gindin bene. Gwanin ya ce duk mai so ga layi ɗaya nan, a kwafa a liƙa, saitinsa kaf zai sauko. Mutuminka ya kwafa ya liƙa. Ita kwamfutar, baiwar Allah, har sai da ta tambaye shi ko ya yarda a danne tsofaffin saitin da ke ciki. Bai ko karanta ba ya ce ya yarda. Ranar wuni ya yi yana kiran maƙwabta su zo kallo. Mai gyaran waya ya leƙo ya ce, "Kai, mutumina, ai yanzu sai da izini za a shigo shagon nan!"

Ranar kasuwa sikeli ya rikice. Mutuminka ya isa injin ya tarar manoma sun jeru da buhunansu a rana, kowa na jiran awo. Ya buɗe kwamfuta yana murmushi, don yau za a ga allo. Ashe saitin gwani an ɗinka shi ne don na'ura mai ƙarfi da intanet da ba ya yankewa. Abu ya tsaya cak yana laluben sabis, fanka na kuka kamar injin markaɗe, batir na tsiyayewa. Da ƙyar ya buɗe, sai ga baƙin allo a tsakar rana, ba abin da yake gani ciki sai fuskarsa da gumi. Ya kare da hula, ya lalubo ɓarnar, ya gyara. Yatsunsa suka tafi inda suka saba don gwaji, ashe madannin nan a sabon saiti rufe aiki yake yi ba tare da ajiyewa ba. Gyara ya tafi. Ya sake, yatsu suka sake cin amanarsa. Mai injin ya sunkuyo ya ce, "Malam, yau kwamfutar ce ba lafiya, ko kai?" Manoma suka fara ɗora buhuna a amalanke suna wucewa injin gaba. Da la'asar mai injin ya aika cikin gari aka zo da wata mai rubuta manhaja, ta gyara, daga ranar aikin ya zama nata. Mai injin bai yi wa mutuminka faɗa ba. Godiyar shekarun baya ya yi masa, ya raka shi har bakin ƙofa, wannan kuwa ya fi faɗa ciwo. Mutuminka ya koma shago ya goge saitin gwani, yana zaton nasa na kwance a ƙasa yana jiransa. Kwamfuta wayam, kamar ranar da aka sayo ta. Ya zauna don ya tuna yadda ya tsara abin, sai ya tarar kansa bai taɓa sani ba, yatsu ne suka riƙe, su kuwa yatsu ba su magana. Har yanzu yana nan yana tsintar saitin ɗaya-ɗaya, kamar mai tsintar gero cikin yashi. Wani lokaci yatsa ya zarce tsohon madanni, ba abin da ya motsa.

To, Haladu, ban hana ka kwalliya ba, ni ma allona sai ka sa tabarau. Amma sauya abu ɗaya, ka san dalilinsa, ka ajiye tsohon inda za ka same shi. Tun kafin a ƙera kwamfuta Hausawa suka gama magana: garin neman gira, a rasa ido.