Aiken da Bai Dawo Ba

Malam, na lura tun da muka fara darasin nan kai ka fi kowa gyaɗa kai, kai ne kuma ba ka taɓa ɗaga hannu ba. To gyara zama in ba ka wani misali.

An yi wata malamar gona, Malama Ladidi, wadda ta yi furfura a bakin aikinta. Manomi ya faɗa mata girman gonarsa, kafin ya rufe baki ta gaya masa buhun taki nawa za ta ci. Ana nan sai ma'aikatarsu ta ce zamani ya juya, kowa zai koyi rubuta wa kwamfuta umarni. Wanda ya ci jarrabawa ya ci gaba da fita ƙauyuka, wanda ya faɗi a kai shi sito ya zauna gadin buhuna. Ita kuwa ƙauyukan nan su ne rayuwarta. Matan da ta koya wa noman waken suya, da sun hango ƙurar mota za ka ji suna "Ga Inna nan!" A raba ta da su, ai gara a ce ta ajiye aikin.

Mai koyarwa ya zo daga birni ya koya musu abin da ake kira fankshin. Ya ce su ɗauke shi kamar ɗan aike: ka raɗa masa suna, ka danƙa masa abin da zai tafi da shi, ka faɗa masa abin da zai yi, duk sanda ka kira sunansa ya je ya yi. Ya bar musu aikin jarrabawa ya koma inda ya fito. Kowa ya rubuta ɗan aike guda da zai karɓi girman gona ya ba da yawan taki.

Wannan ai abincinta ne. Ta zauna da yatsa biyu tana tsintar haruffa, ta raɗa wa ɗan aikenta suna taki, ta zuba masa lissafin da ta daɗe da haddacewa. Ta kira shi. Kwamfuta ta fito da wata 'yar kalmar Turanci mai nufin babu. Babu kuma? Ta sake lambobi, babu. Ta sake masa suna, babu. Ta kashe na'urar ta yi mata fifita ko zafi ne ya dame ta, ta kunna, babu dai.

Ka san abin da ya faru? Ta ce wa ɗan aiken ya je ya yi lissafi, amma ba ta ce masa ya dawo da amsa ba. Mai koyarwa ya ambaci kalmar da ake sawa a layin ƙarshe don haka, ta shiga ta kunnen dama ta fita ta hagu, don a wurinta ba abin faɗa ba ne. Wa ke aiken yaro kasuwa ya tsaya yana ce masa in ka sayo ka kawo mini? Ai zagi ne. To kwamfuta ba ta sami wannan tarbiyyar ba, kuma ba ta san kara ba. Ɗan aikenta yakan je ya yi lissafin daidai, ya rungume amsar ya yi zamansa can.

Abin tausayin, a cikin gidanta akwai mai wannan sana'ar. Nafi'u, magidanci har da gemu, da rubuta wa kwamfuta umarni yake ci yake sha. Sai dai ɗanta ne na fari. Tun da ta haife shi bakinta bai taɓa kama sunansa ba. In tuwo ya sauka, sai ta ce wa ƙannensa, "Ku gaya wa wancan." Yanzu a ce ta je ta zauna kafaɗa da kafaɗa da shi ta ce koya mini? Ta sha ɗaukar kwamfutar har ƙofar sashensa, da ta ji motsinsa sai ta wayance da neman buta. Abokan aikinta kuma duk ita ta koya musu rarrabe iri, girma ya hana ta buɗe baki. Ni dai ban ga laifinta ba, haka aka raine ta. Shi ma Nafi'u yana ganin fuskarta ba walwala, kunya ta hana shi tambaya.

Ranar miƙa aiki ta zo, ta miƙa babu. Sakamako ya fito, aka ba ta makullin sito.

Ta dawo gida da la'asar ta yar da kwamfutar a buɗe kan tabarma, ta shige ɗaki. Nafi'u ya zo wucewa, idonsa ya faɗa kan rubutun. Ya durƙusa ya karanta, ya ƙara layi ɗaya. Sannan ya miƙe ya fuskanci katanga, kamar ba da kowa yake ba, ya ce, "Duk wanda ya rubuta wannan, lissafinsa daidai yake tun farko. Bai dai ce a dawo masa da shi ba."

Sai da ta ji fitarsa ta fito. Ta kira taki. Lamba ta bayyana, ita ce dai wadda ke cikin kanta tun kafin a ƙera kwamfutar. Wallahi baiwar Allah nan ta yi kuka, don da jahilci ne ya kayar da ita da ta haƙura. Amsar tana cikin abin da ta rubuta da hannunta, mai nuna mata kuma yana cin tuwonta safe da yamma.

Washegari motar ƙauyuka ta tashi da wani a kujerar Malama Ladidi. Tana tsaye ƙofar sito da makulli a hannu har motar ta sha kwana.

Shi ya sa Hausawa suka ce rashin sani, kaza ta kwana a kan dami.