Rumbun Irin da Aka Huda Daga Gindi

Kai da aka danƙa wa yaƙin neman zaɓen mai son shugabancin ƙasa, ka zo kana huci wai abokan hamayya sun shafa wa ɗan takararku kashin kaji, kana tambaya ko ku yi shiru ko ku rama. Sauke numfashi ka ji misali.

A wani ƙauye an yi wani manomi da ya shekara goma sha ɗaya yana riƙe da rumbun irin gari. Al'adarsu ita ce bayan girbi kowane gida ya kawo tsabar geronsa mafi kyau a zuba, a liƙe bakin rumbun da laka, ba mai buɗewa sai ruwan shuka ya sauka. Da Sarkin Noman garin ya rasu, dattawa suka ce za a zaɓi sabo kafin damina, magidanta su taru kowa ya tsaya bayan wanda yake so. Mutum biyu suka fito, mai rumbun nan da wani maƙwabcinsa mai zaƙin baki. Maƙwabcin ya san a fagen noma ko ƙurarsa ba zai gani ba, sai ya saki magana a bakin rijiya cewa ai mai rumbu ya kwashe irin jama'a tuni, ya cika cikin da ƙaiƙayi, ya yayyafa tsaba a sama don rufe ido. Ya kuwa iya zaɓen ƙarya, don ya san ba za a buɗe rumbun ba sai an gama zaɓe.

Da farko manomin dariya ya yi. A ganinsa wanda ya daɗe yana shuka irin da ke fitowa daga rumbun nan ba zai saurari wannan shirme ba, sai ya yi shiru ya ci gaba da sharar gonarsa. Nan ya yi kuskure, kuma ba zan rufa masa ba. Kafin mako biyu maganar ta zaga gari, har an samu mai rantsuwa cewa ya ga jakuna a bayan rumbun. Masu ba shi hannu suka koma gaishe shi daga nesa. Ranar da ya ji ƙanwarsa, uwa ɗaya uba ɗaya, ta aika ƙauyen gaba a nemo mata iri, abin ya yi masa ciwo har ya kasa cin tuwo. Aminansa suka zo a fusace, suka ce sun san uban maƙwabcin nan an taɓa kama shi yana cin iyakar gonar marayu, a bar su kawai su tona. Manomin ya ƙi. Ya ce ko an tabbatar uban mutumin ɓarawo ne, wannan ba zai nuna wa kowa abin da ke cikin rumbu ba, alhali abin da jama'a ke tsoro shi ne ruwa ya sauka ba su da iri.

Sai ya tafi wurin dattawa, ya roƙa a bar bakin rumbun a liƙe yadda aka gada, amma a ba shi izini a huda rumbun daga gindi, shi zai toshe da hannunsa. Suka yi ta jan ƙafa, shi kuwa ya ƙi tashi daga zauren sai da suka yarda. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya tara gari a gaban rumbun, ya shimfiɗa tabarmi kewaye da shi, ya miƙa wa maƙwabcin dagi.

Ya ce, "Kai ka ce ƙaiƙayi ne a ƙasa. Zaɓi inda ka ga dama, ka huda da hannunka."

Mutumin ya kewaya rumbun, ya durƙusa ya huda can ƙasa. Tsabar gero ta tsiyayo ta rufe masa yatsun ƙafa. Ya ce wataƙila ta ɗaya gefen ne, ya huda, haka nan. Aka ce ya ƙara na uku, ya ajiye dagin. Manomin bai yi masa dariya ba, bai kuma ambaci ubansa ba. Ya kwaɓa laka ya toshe ramukan, sa'an nan, hannunsa duk taɓo, ya juyo ya shiga yi wa mutane bayanin yadda za a gyara burtali kafin shanu su shiga shuka. Ranar zaɓe gari ya tsaya a bayansa, sai gida uku da ba su je wurin hudar ba, waɗanda har suka tsufa ba su daina zarginsa ba. Wannan ladan shirunsa na mako biyu ne.

To, koma ka gaya wa mutanenku kada su kwanta, kada kuma su tsaya tonon asirin iyaye. Su gano abin da ƙaryar ta tsorata jama'a da shi, su fito da shi fili tun da wuri, su bar mai ƙazafin ya duba da hannunsa a gaban kowa. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce, gani ya kori ji.